Yadda Ake Gina Layin Fanko a Wasan Jirgin Ƙasa, da Sharuɗɗan Ɗora Masa Fasinja

Duk tashar da jirgi ke ƙare tafiyarsa tana da layin da fasinja bai san da shi ba. Idan an sauke mutane, taragun ba sa kwana a bakin dandamali, ana jan su fanko zuwa wurin ajiya, a share su, a duba birki, da asuba a dawo da su. Layin da suke bi shi ne layin fanko. A wasannin kwamfuta na jirgin ƙasa, nan ne aikin masu koyo ya fi ɓaci: ko jirgi cike da mutane ya zarce loko, wato gidan da ake ajiye jirgi a duba shi, ko jirage biyu su yi cirko-cirko a tsakiyar layi ɗaya, ko fanko ya kwanta a bakin tasha ya tare wa kowa hanya.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, ƙarfen layin fanko da na babban layi iri ɗaya ne. Sigina da kulle su ne suka raba su. Don haka ba a cewa "ai ga layi nan a zaune, bari in tura fasinja", sai an ɗaga darajarsa mataki-mataki.

Za mu yi ginin a OpenTTD, domin kyauta ne, ba ya cin data sosai, kuma tsohuwar laftof ɗin da aka sayo a kasuwar kwamfuta ta Ikeja tana ɗaukarsa ba gardama. Sunayen tashoshi za mu aro daga Jan Layi na Legas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Mun zaɓe shi ne saboda yana bin hanya ɗaya da jirgin Legas zuwa Ibadan na hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, NRC, da aka buɗe a 2021, wato jirage iri-iri a hanya guda, kuma duk ɗan Zangon Agege ya san shi. Shimfiɗar layukan kuwa tamu ce ta koyo, sunan kawai muka ara.

Kafin ka aza ƙarfe

Shiga saituna ka tabbatar da abu uku. Kunna nuna hanyar da jirgi ya kama, yadda layin da aka tanadar wa jirgi zai yi duhu a allo. In babu wannan, lalube kawai za ka yi ta yi. Hana kwana mai digiri 90. Sannan ka sa wasan ya riƙa adana kansa a kai a kai, don wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Taswirar wasan an yanka ta gida-gida kamar allon dara, kuma da gida ake awon komai. Tarago ɗaya na asalin wasan rabin gida ne. Tsayar da tsawon jirginka yanzu, kada ka sake taɓa shi: gida 5, wato kan jirgi ɗaya da taragu 9. Duk wani awo da ke tafe daga wannan 5 ɗin ya fito. Wanda ya gina tasha sannan ya ƙara wa jirginsa taragu biyu, sai ya sake awon sigina gaba ɗaya.

Tashar Oyingbo da bakinta

Gina dandamali 4, kowanne gida 5. Dandamalin da bai kai tsawon jirgi ba yana jawo lodi ya yi ta jan jiki. Daga nan ka ja layi biyu zuwa wajen Yaba, ɗaya na shigowa ɗaya na fita, ka haɗa su da makarkatu yadda daga kowane layi za a iya isa kowane dandamali. Makarkata ita ce ƙarfen nan mai harsuna biyu da ke karkata jirgi daga layi zuwa layi.

Sigina iri ɗaya za ka yi aiki da ita, siginar hanya, wadda sababbin fitowar wasan ma ita suke nunawa da farko. Kashi biyu ce. Akwai mai fuska ɗaya wadda ba a wuce ta ta baya ko kaɗan, akwai kuma wadda jirgi zai iya ratsa ta ta baya. Aikinta shi ne, ba ta sakin jirgi sai ya kama hanya tun daga gabanta har zuwa wurin tsayawa na gaba, ko wata sigina, ko ƙarshen dandamali, ko loko. Shi ya sa jirage biyu ke iya ratsa bakin tasha lokaci guda muddin hanyoyinsu ba su gitta juna ba.

A layin shigowa, dasa mai fuska ɗaya dab da makarkatar farko. A bakin kowane dandamali, dasa wadda ake ratsawa ta baya, tana fuskantar jirgin da zai fito. A layin fita kuwa, nan ne ake yawan kuskure: kada ka dasa sigina da zarar an wuce makarkatar ƙarshe. Ƙirga gida 5 cur bayan makarkatar, sannan ka dasa. Dalili kuwa, duk inda ka dasa sigina ka ba jirgi izinin tsayawa a wurin ke nan. Idan ya tsaya wutsiyarsa tana kan makarkata, ya rufe bakin tashar duka, na ciki ba fita, na waje ba shiga. Wannan ƙa'ida ɗaya ce a ko'ina a wasan: kafin ka dasa sigina, ka tambayi kanka ina wutsiyar jirgi za ta kasance idan kansa ya tsaya a nan.

Layin fankon kansa

Daga bakin tasha ka cire layi na uku, ka ja shi kamar gida 20 zuwa wani fili. A filin ka gina layukan ajiya 3, kowanne gida 5. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gina su a matsayin wata tasha daban, ka sa mata suna Ajiyar Oyingbo, domin a tasha ne jadawali ke iya tsayar da jirgi na tsawon lokacin da ka yanka masa. A gefe ka aza loko ɗaya. Loko na ɗaukar jirage ko nawa ne, shi ne mafita idan layukan ajiya sun cika.

Kada ka manna loko a jikin babban layi. Jirgi ba ya wuce gudun kilomita 61 a awa yayin shiga ko fita daga loko, kuma duk wannan rarrafen a kan hanyar fasinja zai yi shi.

Yanzu sigina. Idan layin ɗaya ne tal, ana shiga ana fita ta cikinsa, to kada ka dasa sigina ko ɗaya a tsakiyarsa. Siginar bakin dandamali ce za ta riƙe mai tafiya ajiya, sannan ka dasa siginar hanya a bakin kowane layin ajiya, tana fuskantar mai fitowa. Ta haka jirgi zai kama dukan gida 20 ɗin kafin ya motsa. Da zarar ka dasa sigina a tsakiya mai kallon gabas da wata mai kallon yamma, wata rana fanko biyu za su shigo ta kowane ɓangare, kowanne ya kama hanya har siginarsa, su tsaya hanci da hanci. Babu karo, amma babu mai ja da baya.

Layi ɗaya yana da nasa illar. Idan ajiya ta cika, fanko zai zauna a dandamali yana jiran hanya, jirgin fasinja kuma yana waje yana jiran dandamali. Maganinsa ka raba layin biyu a kusa da tasha, na zuwa da na dawowa, kowanne gida 6, da sigina mai fuska ɗaya a ƙarshen kowanne. Fanko mai tafiya ajiya ya samu inda zai jira ba a dandamali ba, mai dawowa da safe ma ya samu inda zai tsaya har dandamali ya buɗe. A ganinmu wannan gida 12 na ƙarfe ya fi ƙarin dandamali biyu amfani.

Umarnin jirgi

Sigina ba ta san jirgi na da mutane ko ba shi da su ba. Umarni ne ke bambanta su. Gina alamar ratsawa, wadda wasan ke kira "Waypoint", a kan layin fanko. Jerin umarnin jirgin da zai kwanta ya zama haka: ya je Oyingbo, ya sauke kowa, kada ya ɗauki kowa; ya bi ta alamar layin fanko; ya je Ajiyar Oyingbo, ba lodi ba saukewa, ya jira adadin da jadawali ya ba shi; ya shiga loko a duba shi; ya sake bi ta alamar; ya dawo Oyingbo ya yi lodi.

A umarnin Oyingbo na farko sai ka danna "Unload all" da "No loading" duka biyun. In ka manta na biyu, jirgin zai sauke mutane ya kwashi wasu, ya kai su ajiya su kwana. Kuma kowane umarni ka sa masa "Non-stop". Jirgin da ba a sa wa wannan ba yana tsayawa a duk tashar da ya ratsa, har da tashar ajiya, kuma ranar da ya yi ƙoƙarin lodi a can, mutanen unguwar za su fara taruwa a wurin suna jiran jirgin da ba nasu ba.

Me ke kai jirgin fasinja layin fanko ba a aike shi ba

Dalilai uku ne, kuma na farko ya fi yawa.

Jirgi na neman loko da kansa idan lokacin duba shi ya yi, wanda a saitin asali kwana 150 ne na wasan. Ba ruwansa da cewa ya cika maƙil da 'yan Agege masu sammakon kasuwa. Da ya hango loko kusa, sai ya kauce. Gyaran ba wuya: jirgin da ke da umarnin zuwa loko a jerinsa ba ya neman wani loko da kansa. Saboda haka kowane jirgin fasinja ka rubuta masa nasa umarnin loko, a daidai wurin da ka san ya riga ya sauke mutane.

Na biyu yana faruwa ne idan layin fanko ya sake haɗuwa da babban layi ta ɗaya ƙarshen, misali ka ɓullo da shi ta wajen Yaba. To a idon wasan ya zama hanya kamar kowace. Mai lissafin hanya na wasan arha kawai yake bi: kowane gida yana da farashi, kwana da gangara suna ƙara tsada, layin da wani jirgi ya kama ma yana ƙara tsada. Idan babban layi gida 20 ne, layin fanko 24, to jirgi ɗaya a gaba ya isa ya sa na baya ya ga layin fanko ya fi sauƙi. Mafi tabbas a nan shi ne ka gina wata alamar ratsawa a kan babban layi, ka sa ta cikin umarnin duk jiragen fasinja. Akwai kuma dabarar ƙara wa layin tsada: duk siginar hanya da jirgi zai ratsa ta baya, lissafin na ɗaukarta daidai da gida 15, biyu kuma gida 30. Amma ka lura da abu biyu. Dabarar tana rage sha'awa ne, ba ta haramtawa. Kuma a layin da ake bi ta fuska ɗaya kawai take da aminci. A layin shiga da fita, waɗannan siginoni su ne za su haifar da cirko-cirkon da muka ambata.

Na uku, jirgi ya ɓata. Sigina mai fuska ɗaya da aka juya ba daidai ba, ko gida ɗaya na ƙarfe da aka manta, sai wasan ya ce jirgin ya rasa hanya, shi kuma ya faɗa duk layin da ya samu, har ya shiga loko don ya juyo. Idan ka ga wannan saƙo, bi layin da ido gida-gida daga inda jirgin yake. Kuma kada ka taɓa maɓallin da ke tilasta wa jirgi wuce jan sigina sai ka tabbatar babu kowa a gaba, don yana iya haddasa karo a wasan.

Mai amfani da JGR Patch Pack, wanda OpenTTD ne da aka ƙara wa kayan aiki, yana iya rubuta sharaɗi a jikin sigina kanta: idan lodin jirgi ya wuce sifili, a hana shi wannan hanya. Wannan ya fi komai tsabta.

Idan da gangan kake son fasinja su bi layin

Buƙatar na tasowa. Safiya ta yi, layin shigowa ya cushe, ga layin fanko a gefe babu kowa. Ko ana gyara a babban layi. Kafin ka taɓa komai, ga abin da reluwen gaske ke nema, bisa tsarin Ingila wanda yawancin wasannin nan suka kwaikwaya.

Makarkatar da jirgi ke tunkara ta bakin harsunanta dole ta kasance da sakata mai danne harsunan, kada su motsa jirgi na kai. Layukan ajiya da yawa ba su da ita. Idan larura ta sa a bi da fasinja ta irin wannan makarkata, sai an aika ma'aikaci ya ɗaure harshen da maƙalli, ya cusa katako a ɗaya gefen, ya sa kwaɗo. Sigina kuma dole ta zama babba. Ƙaramar siginar shantin, wato ta jujjuya taragu a cikin tasha, mai fararen fitilu biyu a karkace, cewa kawai take yi wuce a hankali, mai yiwuwa akwai wani jirgi a gabanka. Babbar sigina ce ke ba da tabbacin sashen babu kowa. Bayan kowace babbar sigina ana barin rarar kariya, yawanci mita 183, ko da direba ya zarce. Sannan duk layin ajiya da ke ɓullowa cikin hanyar fasinja sai an sa masa makarkatar tarko, wadda za ta kifar da taragon da ya suɓuce maimakon ya shiga gaban jirgin mutane. Waɗannan ba ƙa'idojin ado ba ne. Bayan hatsarin jirgin ƙasa na Armagh, a Ireland, na 1889 da ya ci rai 80, aka kafa doka a shekarar da ta wajabta sarƙa sigina da makarkata, da raba layi sashe-sashe, da birki mai kama kansa a duk jirgin fasinja.

A wasan, idan layin fanko ya haɗu da babban layi ta ɗaya ƙarshen, ga yadda za ka bi. Fara da yanke wa layin fuska ɗaya, misali shigowa Oyingbo, ka mayar da fanko mai tafiya ajiya ɗaya reshen da ka gina. Cire duk siginonin da ka juya don ƙara tsada. Dasa masu fuska ɗaya duk bayan gida 5 ko 6. Idan ka riƙe Ctrl ka ja, wasan zai jera su har makarkata ta gaba. Sake duba siginar farko bayan kowace makarkata, gida 5 cur. Tabbatar kowane layin ajiya da loko yana da abin da zai riƙe jirgi kafin ya hau wannan hanya, wannan shi ne madadin tarko a wasan. Loko na riƙe jirginsa da kansa har sai hanya ta samu, layukan ajiya ne ke buƙatar sigina.

Sannan ka miƙar da kwana-kwanan layin. Layin fanko akan gina shi da kwana a matse, kuma kwana biyu masu digiri 45 a jere suna sauke gudu zuwa kilomita 88 a awa. Jirgin da ya kauce wa cunkoso ya je yana rarrafe bai ci ribar komai ba.

Kada ka buɗe layin ga kowa. Zaɓi jirage biyu ko uku, ka ba su umarnin bi ta alamar layin, sauran su ci gaba da bin alamar babban layi. A nan ka yi hattara: idan jiragenka na tarayya a umarni ɗaya, gyaran da ka yi wa ɗaya ya shafi duka. Raba su tukuna. Kuma a jadawali ka ware lokutan, fanko su gama fitowa kafin jirgin fasinja na farko ya nemi layin.

A ɗakin sigina na SimSig

Wanda ya ƙware a nan yana son ya ɗanɗana aikin mai sigina na gaske, SimSig ne wurin. Wasu taswirorinsa kyauta ne, wasu na kuɗi. Ba ka gina komai. Kana danna siginar farko, ka danna ta gaba, na'ura ta juya makarkatu ta kulle su, sannan sigina ta ba da hanya. Kowane jirgi na da lamba mai gurbi huɗu, kuma adadin farko shi ke gaya maka ko wane ne: 1 mai sauri, 2 mai tsayawa tasha-tasha, 5 fanko, 0 kan jirgi shi kaɗai. Jirgin da ya shigo da lamba 2 yana iya fita da lamba 5, don haka duba jadawalinsa ka tabbatar lambar da ke allo ta canza kafin ka ba shi hanya. Lambar da ba daidai ba tana sa kai ko na'urar ba da hanya ku tura jirgi inda ba nasa ba.

Idan ka ba jirgin fasinja hanyar da ba tasa ba, direba yakan tsaya ya bugo waya yana tambaya. Amma in ka farga da kuskuren jirgi na tunkarar siginar, ka soke hanyar, kulle ba zai saki nan take ba, yakan riƙe kamar minti biyu, don kada makarkata ta juya a gaban jirgin da bai gama tsayawa ba. Ka lissafa wannan jinkirin kafin ka soke.

Gwaji

Koma OpenTTD, ka adana wasan da sabon suna. Saki jirgi ɗaya tak ya zagaya umarninsa duka, kana bin duhun hanyar da yake kamawa. Sannan ka ƙara su ɗaya-ɗaya har su wuce yawan dandamali da layukan ajiya a haɗe, wato su kai 8 a wannan tsari. Daga nan ka tsayar da jirgi ɗaya da hannu a siginar farko ta layin fita, ka danna saurin lokaci. Jiragen da ke baya su jeru a siginoninsu, bakin tasha ya kasance a buɗe, fanko na iya wucewa ajiya. Idan ka ga wutsiyar wani a kan makarkata, matsar da siginar da ke gabansa. Maimaita gwajin da jirgi a tsaye a layin fanko, sannan da layukan ajiya uku a cike, ka ga ko na huɗu ya jira a reshen gida 6 ko ya maƙale a dandamali.